ZAUREN IYALI: Ɗaliban Mishan a Gidan Marayu da Tambayar da Suka Bar Mana

   

Ga shi babban hutu ya ƙarato. Nan da 'yan makonni 'ya'yanmu da ƙannenmu da ke lise da kwaleji, da waɗanda ke jami'o'in Ngaundere da Marwa da ta nan Garwa, za su dawo gida su yi wata biyu zuwa uku ba aji ba jarrabawa. Wannan ne ya sa muka ga ya dace mu ɗauko wata magana da ta daɗe tana ci mana tuwo a ƙwarya, wato maganar ɗaliban Kirista da kan sadaukar da hutunsu su je hidima a gidajen marayu na mishan, da abin da ya kamata Musulmi ya fahimta game da su, da kuma abin da ya kamata ya fahimta game da kansa.

Abin da muka gani da idonmu

Wasu shekaru da suka wuce, muna samari, tun kafin fitinar Boko Haram ta taɓa jihar Arewa Mai Nisa, matar wani maƙwabcinmu ta rasu wurin haihuwa, ta bar jaririya mace. Mijin ɗan dako ne a babbar kasuwa, baƙo ne kuma a garin, danginsa duk suna can ƙauye. Mahaifinmu, da yake shi ne limamin unguwa, shi ya sallaci gawar, shi ne kuma ya raɗa wa yarinyar suna ranar bakwai. An yi zaman makoki kwana uku, an yi addu'a, kowa ya ce Allah Ya raya abin da ta bari, aka watse. Ba a daɗe ba sai labari ya bazu cewa uban ya ɗauki jaririyar ya kai ta gidan renon yara na wasu sistoci a bayan gari.

A daren da maganar ta iso zaurenmu bayan sallar isha'i, rai ya ɓaci ƙwarai. Wasu suka ce ya sayar da 'yarsa, wasu suka ce a kira shi a ja masa kunne, wasu kuma suka koma kan 'yan mishan suna cewa dama abin da suke jira ke nan. Mahaifinmu ya yi shiru har kowa ya gama, sannan ya ce: “Jama'a, bawan Allahn nan ya yi makonni yana yawo da jinjira a unguwar nan, yana ɗura mata ruwan koko da cokali. Wane ne a cikinmu ya ce masa, kawo ta gidana? Ni dai ban ce ba.” Babu wanda ya amsa. Washegari ya umarce mu da mu raka uban mu je mu gano yarinyar.

Mun tarar da gida mai tsabta, da ƙananan gadajen ƙarfe a jere, kowanne da gidan sauronsa, da mata 'yan ƙasa masu aikin reno. Mun kuma tarar da wani ayari na ɗalibai da suka zo hutu, wasu daga Yawunde da Duwala, wasu Turawa waɗanda zafin Garwa ya mai da fatarsu ja. Wasu suna wanke ƙunzugun jarirai a bakin famfo, wasu suna shafa wa bango farar ƙasa, wasu suna koya wa manyan yara ƙidaya. 'Yar maƙwabcinmu kuwa a bayan wata budurwa ɗalibar likitanci muka same ta, ta goya ta da zane, ɗaurin ma bai yi daidai ba, sai da wata mai reno ta zo ta gyara mata. Da muka zanta da su, sai muka ji cewa wasunsu sun yi watanni suna tara kuɗin hanya. Safe da yamma kuma sukan tara yaran su yi addu'arsu da waƙoƙinsu na coci. A ranar mun koma gida da abubuwa biyu a zuciya, kunya da fargaba, kuma har yau muna ganin kowanne daga cikinsu yana da dalili.

Su wane ne waɗannan baƙi?

Waɗannan ɗalibai magada ne na wani aiki da ya haura shekara ɗari a ƙasarmu. A farkon shekarun 1920 'yan mishan na Lutheran daga Amurka suka fara zama a yankin Binuwai da Logon, kuma cocin da ya fito daga aikinsu a nan Garwa hedkwatarsa take. A 1923 wani Ba'amurke mai suna Adolphus Gunderson ya isa Ngaundere, a 1925 mutanen Norwe suka bi sahunsa. Aikin Katolika bai kafu sosai a Arewa ba sai a 1946, lokacin da ayarinsu ya iso ƙarƙashin Yves Plumey, wanda ya zama bishop na farko a Garwa, aka kuma kashe shi a Ngaundere a 1991. Haka nan har yau ana tuna Baba Simon, fadan nan mutumin kudu da ya tare a Tokombere cikin mutanen duwatsu yana yawo ba takalmi, wanda ya rasu a 1975.

Duk inda suka sauka, sukan haɗa wurin ibada da makaranta da ɗakin shan magani. Asibitocin mishan na Ngaundere da na Ngawbela kusa da Tibati da na Meskin kusa da Marwa, da wuya a sami gidan Musulmi da bai san sunansu ba, da yawa daga cikinmu ma a can aka yi wa danginmu magani. A 1997 wani fada ɗan Italiya mai suna Danilo Fenaroli ya kafa cibiyar Baitalami a Muda, kan hanyar Garwa zuwa Marwa, inda ake karɓar jarirai marayu da kurame da masu naƙasa. Irin waɗannan wurare ne matasa 'yan sa-kai kan nufa idan sun sami hutu.

Addininmu bai ba mu damar rufe ido a kan alherin wani don ya saɓa mana a aƙida ba. Suratul Ma'ida ta gargaɗe mu kada ƙin wasu mutane ya hana mu yi musu adalci, Suratul Mumtahana kuma ta halatta kyautatawa ga waɗanda ba su yaƙe mu ba, ba su kore mu daga gidajenmu ba. Ba mu manta ba cewa sarkin da ya ba sahabbai mafaka a Habasha, wato Najjashi, a lokacin da suka isa gare shi Kirista ne. Saboda haka wanda ya bar jin daɗin gidansu ya zo ya wanke kashin jaririn da ba nasa ba, gaskiya ita ce ya yi abin da ya cancanci a gode masa, kuma zaginsa ba zai ƙara mana komai ba.

Amma adalci bai hana faɗin ɗaya ɓangaren ba. Su kansu ba sa ɓoye cewa imaninsu ne ya kawo su, kuma suna fatan hidimarsu ta zama shaida ga addininsu. Yaron da ya buɗe ido ya yi shekaru ba ya jin kiran salla, ba ya ganin mai alwala, addu'ar da yake ji safe da yamma ta wani addini ce, to a kanta zai tashi ko da babu wanda ya tilasta masa. Wannan damuwa ba son zuciyar Musulmi ba ce kawai. Yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya kan haƙƙin yara ta 1989, wadda Kamaru ta amince da ita a 1993, a sashe na 20 ta bukaci a kula da addinin yaro da harshensa da al'adarsa idan za a nema masa wurin reno, har ma ta ambaci kafala ta shari'ar Musulunci da sunanta. Sai dai laifi tudu ne. Kafin mu hango na waɗanda suka buɗe wa jaririyar ƙofa, ya kamata mu dubi namu da muka rufe tamu.

Baƙo raɓa ne

Akwai wani abu kuma da bai shafi bambancin addini ba, wanda muke so matasanmu su fahimta kafin su ce za su kwaikwayi wannan aiki yadda yake. Zuwanmu na biyu gidan ya zo daidai da ranar da ɗaliban za su koma. Mun ga yara 'yan shekara uku da huɗu sun riƙe ƙafafunsu suna ihu, har sai da aka ɓamɓare su da ƙarfi. Wata dattijuwa mai reno ta dube mu ta ce: “Ɗana, kowace shekara haka muke gani. Su tafi, mu kwana uku muna rarrashi, baɗi wasu su zo.” Mun kuma lura cewa yaran gidan duk baƙon da ya shigo sai su ruga su rungume shi. A lokacin mun ɗauka sakin fuska ne. Daga baya muka fahimci cewa masana halayyar yara suna ɗaukar wannan a matsayin alamar yaron da bai sami mutum ɗaya tsayayye da zai shaƙu da shi ba. Wanda ya riga ya rasa uwa, sai ga shi kowace damina ana ba shi wata uwa ta mako biyu ana karɓewa.

Bincike ya tabbatar da abin da dattijuwar nan ta sani tun da daɗewa. A birnin Bukares na ƙasar Romaniya, tun daga shekarar 2000 masana suka bi rayuwar yara 136 da ke gidajen marayu. Aka mai da rabinsu hannun iyalai, rabi suka ci gaba da zama inda suke. Waɗanda aka kai cikin iyali sun fi sauran kaifin fahimta da shaƙuwa da masu renonsu, musamman waɗanda aka kai kafin su cika shekara biyu. Wani ƙiyasi da aka wallafa a 2020 ya nuna cewa yara fiye da miliyan 5 ne ke zaune a irin waɗannan gidaje a duniya, kuma hukumomin kula da yara sun daɗe suna bayyana cewa mafi yawansu suna da uwa ko uba a raye. Talauci ne ya kai su, kamar dai yadda ya kai 'yar maƙwabcinmu.

Wani lokaci ma kyakkyawar niyya ba tare da sanin ƙasa da mutanenta ba takan koma ɓarna. Maƙwabtanmu na Cadi ba za su manta da watan Oktoba na 2007 ba, lokacin da aka kama 'yan wata ƙungiyar Faransawa mai suna Arche de Zoé a Abeshe suna shirin ficewa da yara 103 a jirgin sama, da sunan marayun Darfur ne. Da aka bincika, sai aka ga mafi yawansu 'yan Cadi ne masu iyaye, kotun Njamena kuma ta yanke wa shida daga cikin Faransawan ɗaurin shekara takwas. Waɗannan ba 'yan mishan ba ne. Amma a Janairun 2010, bayan girgizar ƙasar Haiti, an kama Amurkawa goma 'yan cocin Baptist suna ƙoƙarin tsallake iyaka da yara 33 ba takardun izini, da yawa daga cikin yaran kuma iyayensu suna raye.

Irin waɗannan abubuwa ne suka sa duniya ta sauya tunani. Ƙa'idojin da Majalisar Ɗinkin Duniya ta amince da su a 2009 sun nuna cewa yaron da bai kai shekara uku ba a cikin iyali ya kamata a rene shi, kuma talauci kaɗai bai isa ya zama hujjar raba yaro da danginsa ba. A Disamban 2019 kuma babban zauren Majalisar ya yi kira ga ƙasashe da su magance illar da zuwan 'yan sa-kai gidajen marayu ke haifarwa. A yau har a cikin ƙungiyoyin Kirista akwai masu jan hankalin matasansu kan irin wannan tafiya.

Mu a nan Arewa mun ga wani darasin da idonmu. A Fabrairun 2013 aka sace wani iyalin Faransawa a Dabanga, a Nuwamban shekarar aka sace wani fada Bafaranshe a Ngecewe, a Afrilun 2014 kuma aka sace fada biyu 'yan Italiya da wata sista 'yar Kanada a Cere. Daga nan ƙasashen Turai suka gargaɗi mutanensu, ƙafar baƙi ta ɗauke daga Arewa Mai Nisa, a daidai lokacin da marayu suka fi kowane lokaci yawa, sansanin Minawawo da aka buɗe a 2013 yana cika da masu gudun hijira daga Nijeriya. Ba mu ga laifin wanda ya ji tsoron ransa ba. Amma waɗanda suka ci gaba da dafa wa yara abinci da kwana da su a asibiti, mafi yawansu 'yan ƙasa ne, Musulmi da Kirista. Baƙo raɓa ne, in ji Hausawa, ɗan gari ne kaba.

Tsarin da muka gada

Idan muka koma ga addininmu, za mu ga tun farko a cikin gida ya ajiye maraya. Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, mahaifinsa ya rasu kafin a haife shi. Halimatu ta shayar da shi, mahaifiyarsa Amina ta rasu yana shekara shida, kakansa Abdulmuɗɗalibi ya riƙe shi har ya kai takwas, sannan baffansa Abu Ɗalibi ya karɓa. Daga hannun dangi zuwa hannun dangi ya tashi, Ummu Aimana kuma tana tare da shi a tsawon wannan lokaci. Suratul Duha ta tuna masa wannan ni'ima, Suratul Ma'un ta haɗa tunkuɗe maraya da ƙaryata ranar sakamako, Suratun Nisa'i kuma ta yi gargaɗi mai tsanani kan cin dukiyarsa. Ya kuma tabbata a hadisi cewa Annabi ya haɗa yatsunsa biyu don nuna kusancin da mai riƙon maraya zai samu da shi a Aljanna.

Malamanmu na fiƙihu ba su bar maganar a wa'azi kawai ba, sun tsara ta. A Risala ta Ibnu Abi Zaidin, wadda ake karantawa a zaurukanmu, an nuna cewa idan uwa ba ta nan reno yana komawa ga kaka, sannan ga 'yar uwar uwa, haka nan har a kai ga sauran dangi. Jaririn da aka tsinta kuwa, ɗaukarsa farillar kifaya ce, idan babu wanda ya ɗauka duk mutanen gari sun yi laifi. Muwaɗɗa ta Imamu Malik ta kawo yadda Sayyidina Umar ya yanke cewa tsintaccen yaro ɗa ne, kuma ciyar da shi yana kan baitulmali. Abin da shari'a ta hana shi ne sauya wa yaro nasaba, kamar yadda Suratul Ahzab ta mai da Zaidu ɗan Harisa ga sunan mahaifinsa. Riƙo da ciyarwa da tarbiyya da aurarwa duk ƙofarsu a buɗe take.

To me ya sa muka gaza? Dalilai kaɗan ne, kuma duk mun san su. Na farko tsadar madarar gwangwani, wadda ita ce ke karya talaka idan mai jego ta rasu. Na biyu tsoron maganar muharramaka idan yaron ya girma a cikin 'ya'yan gida, alhali a mazhabarmu ta Malikiyya shayarwa a cikin shekara biyun farko, ko kaɗan ce, tana haramta abin da nasaba ke haramtawa. Na uku ƙyamar da muke nuna wa jaririn da aka haifa ba ta hanyar aure ba, wanda bai aikata laifin komai ba. Na huɗu, wanda ya fi ciwo, shi ne yadda riƙo ya lalace a wasu gidaje har ya koma bauta: 'yar riƙo ita ce ta ƙarshe wajen cin abinci, ita ce ta farko wajen ɗaukar talla, 'ya'yan gida suna makaranta ita tana wanke-wanke. Uban da ya san haka, idan ya zaɓi gadon ƙarfe na mishan, da wane baki za mu zarge shi?

Akwai kuma ɗabi'ar jiran na waje. Allah Ya jiƙan Dakta Abdurrahman Assumait, likitan nan ɗan Kuwait da ya fara hidima a Afirka a farkon shekarun 1980, ya ɗauki nauyin marayu masu ɗimbin yawa har ya rasu a 2013. Amma idan maƙwabtanmu suna jiran Turai mu kuma muna jiran ƙasashen Larabawa, to jirgi ɗaya ne ya ɗauko mu. Maraya na unguwarmu haƙƙinsa a kanmu yake tun kafin ya hau kan wani.

Abin da za mu iya yi a wannan hutu

Shawararmu ta farko ga limamai da kwamitocin masallatai ce. Kowane masallacin unguwa, daga Hausare zuwa Fulɓere, daga Yelwa zuwa Rumde Ajiya, ya san gidajen da aka yi rasuwa, domin shi ke sallar gawa. Kada a tashi daga zaman makoki sai an tambaya a fili: wa zai riƙe yaran, da me kuma? A buɗe asusun madara da magani, a damƙa shi ga amintattu biyu ko uku, a riƙa karanta lissafinsa a gaban jama'a. Gida ɗari, kowanne ya ba da sefa 500 a wata, an sami sefa 50,000. Ba dukiya ba ce mai yawa, amma takan isa ta sa wata kaka ko wata goggo ta ce a kawo mata jaririn. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Ta biyu ga iyayenmu mata ce, musamman na makarantun Islamiyya. Ku ne kuka san mai shayarwa da mai zuciyar riƙo, ku ne kuma kuke shiga inda maza ba sa shiga, ku ga 'yar riƙon da ake zalunta. A farfaɗo da sunnar shayarwa, bayan an kai mai shayarwar asibiti an duba lafiyarta, a kuma rubuta wanda ya sha nonon wa don gudun rikicin aure nan gaba.

Ta uku ga ɗalibanmu ce, waɗanda dominsu muka ɗauko wannan magana. Ku ɗauki himmar takwarorinku Kirista, ku ɗora ta a kan abin da zai daɗe. Ba ku buƙatar kuɗin jirgi, domin marayun suna bayan katangarku. Kowane ɗalibi ya zaɓi gida ɗaya mai marayu a unguwarsu, da izinin mai gidan da sanin liman. Ya riƙa zuwa yana yi wa yaran bitar karatun boko da na allo, ya raka mai ciwo asibiti, ya gyara rufin da ke yoyo kafin damina ta yi nisa. Ya bincika ko yaran suna da takardar haihuwa, domin da yawa daga cikin 'ya'yan Arewa rashinta ke hana su zana jarrabawar kammala firamare, kuma idan lokacin rajista ya wuce sai an bi ta kotu, abin da gwauruwar da ba ta jin Faransanci ba za ta iya ita kaɗai ba. Sharaɗin shi ne ɗorewa. Wanda ya fara a wannan hutu ya koma a hutun da ke biye, ya kuma riƙa aikawa da gaisuwa a tsakani. Kada a ɗauki hoton maraya ana yaɗawa a wayoyi don a ce an yi aikin alheri, mutuncinsa amana ne.

Ta huɗu ta shafi yaran Musulmi da suka riga suka shiga gidajen mishan. Kada a je da hayaniya ko barazana. A je da sallama da godiya, tare da uba ko waliyyin yaron, a bi ta ofishin kula da jin daɗin jama'a, a nuna gidan da za a mai da yaron da abin da za a ciyar da shi. Wanda ba a sami mai karɓarsa ba tukuna, danginsa su riƙa ziyartarsa, a ɗauko shi ya yi salla ƙarama da babba a cikin 'yan uwansa, ya san sunan kakanninsa da alƙiblarsu. Zumunta a ƙafa take.

Masu karatu za su so su ji ƙarshen labarin jaririyar nan. Bayan maganar da mahaifinmu ya yi, sai da aka yi watanni kafin a sami mafita. Wata baiwar Allah mai goyo a unguwar ta ce za ta haɗa ta da nata, mijinta ya yarda, jama'ar masallaci suka ɗauki nauyin abincin mai shayarwar da sabulu da magani, uban kuma yana kawo abin da ya samu. Ranar da muka je ɗauko ta mun tafi da shirin jayayya, amma babbar sistar ta karɓe mu da fara'a, ta ce dama burinsu shi ne kowane yaro ya koma cikin danginsa, sai dai sau da yawa ba mai zuwa. Ta haɗa mana da katin rigakafinta da 'yan kayan sawarta. Yarinyar yanzu ta zama budurwa, tana karatu, tana kiran matar nan Inna, tana kuma amsa sunan mahaifinta.

Ɗalibar likitancin da ta goya ta ba mu sake jin labarinta ba. Muna roƙon Allah Ya shiryar da mu da ita zuwa ga abin da Yake so, Ya kuma ba matasanmu irin wannan himma da wadda ta fi ta. Allah Ya jiƙan iyayen marayunmu, Ya raya abin da suka bari a kan tafarkin Musulunci, Ya sanya mu cikin maƙwabtan Annabi a gidan Aljanna. Duk wanda ke da gyara ko ƙarin bayani, ƙofar wannan fili a buɗe take ta hannun ofishin ƙungiya. Sai mun haɗu a fitowa ta gaba idan Allah Ya kai mu.